Coming to America: Fim ɗin Yariman Zamunda da Tambayar Wa Aka Nuna a Ciki

Coming to America fim ne na barkwanci da kamfanin Paramount ya fitar a Amurka a 1988. John Landis ne ya ba da umarni, Eddie Murphy kuma ya fito a matsayin Akeem, yariman wata ƙagaggiyar ƙasa ta Afirka mai suna Zamunda. Yariman ya ƙi matar da iyayensa suka zaɓa masa, ya ɗauki amininsa Semmi (Arsenio Hall) suka tafi unguwar Queens a birnin New York neman wadda za ta so shi ba don sarauta ba. Can ya ɓoye asalinsa, ya kama aikin goge-goge a wani gidan abinci, McDowell's.

Abin da ya sa ake yawan ambaton fim ɗin idan ana zancen wakilci shi ne kusan duk 'yan wasansa baƙar fata ne, a lokacin da manyan kamfanonin Hollywood ba su cika zuba kuɗi a irin wannan ba. James Earl Jones ne sarki, Madge Sinclair sarauniya, John Amos mai gidan abinci, Shari Headley kuma 'yarsa Lisa. Har Samuel L. Jackson, kafin ya yi suna, ya leƙo a matsayin ɗan fashi. Kuma ba a nuna su duk a matsayin talakawa ko 'yan daba ba: akwai sarki, akwai ɗan kasuwa mai rufin asiri, akwai wanzamai masu surutu. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 280 a duniya.

A 2021 Murphy da Hall sun faɗa a wata hirar talabijin cewa kamfanin ya nace sai an sa Bature ko da ɗaya. Haka Louie Anderson ya samu rawar Maurice. Abin dariya, akwai wani “Baturen” kuma: dattijon Bayahuden nan Saul da ke zama a shagon aski, Murphy ne da kansa cikin kwalliyar Rick Baker, wadda ta shiga takarar Oscar.

To amma fa, ta ɓangaren Afirka lissafin ya bambanta. Zamunda ba ta da harshe nata, ba ta da kasuwa ko talaka. Fada ce kawai, da giwaye suna yawo a lambu, da kuyangi masu watsa furanni a gaban sarki. Manyan 'yan wasan da suka fito a matsayin 'yan Afirka ba daga Afirka suke ba. Sinclair ma 'yar Jamaika ce. Matar da aka shirya wa Akeem kuwa an nuna ta ba ta da ra'ayin kanta, har haushin kare take yi idan ya umarce ta. Masu kare fim ɗin suna cewa aƙalla ya nuna Afirka mai arziki a shekarun da hoton yunwar Habasha ya cika talabijin. Gaskiya ne, sai dai Afirkar mafarkin Ba'amurke ce.

Inda ya fi kama gaskiya shi ne zaman baƙunta. Wanzaman Queens suna kiran Akeem Kunta Kinte, saurayin Lisa kuma yana yi masa ba'a kan inda ya fito. Duk wanda aka taɓa kira “aboki” a Legas ko Fatakwal ba tare da an tambayi sunansa ba, ya san wannan wasan.

Kashi na biyu, Coming 2 America, ya fito a Amazon Prime Video a watan Maris 2021 ƙarƙashin Craig Brewer. A nan an jawo 'yan Afirka na ainihi: Nomzamo Mbatha da Trevor Noah daga Afirka ta Kudu, sai Davido da ya yi waƙa a wurin bikin aure. Zamunda dai giwayenta na nan.