Yadda Likitoci Suka Gano Ciwon Dajin da Ke Bin Zuriya

Akwai ciwon daji na gado da ke kama gaɓoɓin da ke sarrafa sinadaran jiki, irin su gaɓar wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, da wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda. Likitoci suna kiransa MEN, yana da nau'i fiye da ɗaya, kuma sun fi shekara ɗari suna lalube kafin su gane asalinsa.

A shekarar 1886 Felix Fränkel ya wallafa labarin wata budurwa 'yar shekara 18 da ta rasu a asibitin Freiburg, a Jamus. Takan yi fama da bugun zuciya mai tsanani, da ciwon kai, da amai, abin ya taso mata farat ɗaya ya lafa. Da aka duba gawarta, sai ga ƙari a saman ƙodojinta duka biyu. Babu wanda ya kawo gado a ransa a lokacin. Sai a 2007 Hartmut Neumann da abokan aikinsa suka bi diddigin danginta, suka tarar da ƙwayar halittar da ke kawo cutar a jinin wasu daga cikinsu da ke raye.

A tsakani, Paul Wermer ya nuna a 1954 cewa nau'in farko na cutar yana bin gida. John Sipple kuma, a 1961, ya lura cewa dajin gaɓar wuya da ƙarin saman ƙoda sukan haɗu a mutum ɗaya, wato nau'i na biyu. An gano ƙwayar halittar RET a matsayin sanadin nau'i na biyu a 1993, ta nau'in farko kuma a 1997.

Nan ne aikin ya sauya gaba ɗaya. Yaron da gwaji ya nuna ya gāji RET mai haɗari ana cire masa gaɓar wuyan tun yana ƙarami, kafin dajin ya kama. Ba auren zumunci ne ke kawo cutar ba. Mahaifi ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa yana tsakanin ya gāda ko ya kuɓuta, rabi da rabi.

A garuruwa irin Kano, inda wannan gwaji ke da wuyar samu, tarihin dangi ne abin da likita ke fara riƙewa. Matashin da hawan jini ke buga shi lokaci-lokaci, alhali an san ƙarin wuya a gidansu, ya kamata ya faɗa wa likita wannan tun zuwan farko.