Mutum-mutumi mai kwaikwayon ɗan Adam

A shekarar 2022 wani matashi ɗan shekara 17 a birnin Kano ya ja hankalin jama'a, bayan da ya ƙera wani mutum-mutumi da kwali da wayoyin lantarki, wanda ke ɗaga hannu a duk lokacin da shi matashin ya ɗaga nasa.

A watan Disamban shekarar ne kuma kamfanin Uniccon ya gabatar da Omeife a Abuja, wani mutum-mutumi mai siffar mace da ke magana da harsuna da dama, ciki har da Hausa.

Sai dai kwaikwayon motsi ko furta kalmomi ya fi sauƙi a kan riƙe abu da hannu.

Asali

Tun a shekarar 1206, masanin nan Musulmi, Al-Jazari, ya bayyana a littafinsa wata na'ura mai siffar mutum da ke zuba ruwan wanke hannu.

A 1973 Jami'ar Waseda da ke Japan ta kammala WABOT-1, wanda ke iya tafiya da kuma ɗaukar abubuwa. Kamfanin Honda ya fito da ASIMO a 2000, wanda daga baya ya iya buɗe kwalba ya tsiyaya abin sha a kofi. An daina nuna shi a 2022.

Wahalar riƙo

Hannun ɗan Adam na da ƙasusuwa 27, kuma fatarsa na jin nauyi da santsin abu nan take. Shi kuwa mutum-mutumi, sai kyamarorinsa sun hango abin, kwamfutarsa ta lissafa nisansa, sannan na'urorin da ke yatsunsa su auna matsi. Idan ya matse ƙwai da ƙarfi ya fashe, idan ya sassauta ya suɓuce.

Wannan ne ya sa masu bincike a birnin Genoa na Italiya ke horar da iCub, mai girman ƙaramin yaro, ta hanyar kallo da maimaitawa kamar yadda yara ke koyo.

Amfani da fargaba

Hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011 ya ƙara fito da buƙatar na'urorin da za su shiga wuraren da mutum ba zai iya ba, su buɗe ƙofa ko su murɗa famfo.

Amma masu sukar lamarin na fargabar cewa ranar da hannun na'ura ya ƙware, ma'aikatan masana'antu da dama za su rasa abin yi.