Wa Ke Taimakon Talaka Ya Gyara Gidansa? Waiwaye Daga Kudancin Kano

Duk wanda ya san ƙasar Bebeji da Ƙiru, ya gangara Tudun Wada har Doguwa, ya san ruwan sama ya fi yawa a nan bisa arewacin Kano. Wannan alheri ne ga gona, amma barazana ce ga ginin ƙasa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka ma ruwa.

A zamanin da, maganin wannan yana hannun jama'a. Da bazara maigida kan kira gayya, a kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe, a sake azarar da gara ta ci, a gyara indararo. Tsohuwa da gajiyayye akan yi musu kyauta, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da gwamnati ta shigo harkar gidaje, sai ta fi karkata ga sabon gini. A 1977 aka kafa Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya. Daga 1979 gwamnatin Shehu Shagari ta ƙuduri gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ma'aikaci ke zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa. Daga baya an fito da bashin gyaran gida, amma sai ga masu zubi a asusun. To, manomin Riruwai da ba shi da albashi, ta wace ƙofa zai shiga?

Hasali ma, talakan wannan yanki ya fi ganin hukuma a ƙofar gidansa bayan gidan ya salwanta. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, ta tashi ƙauyuka, aka sake musu matsuguni. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle, aka yi asarar gidaje da gonaki, sannan aka shiga neman agaji. A ganina, soke haraji da jangali da Abubakar Rimi ya yi a 1979 ya fi kusa da taimakon gaskiya, domin kuɗin da suka saura a aljihun talaka suna iya zama azara ko kwano.

Darasin a fili yake. Kuɗin yaɓe kafin damina ba su kai na kayan agaji bayan rushewa ba, balle rai idan bango ya danne mutum. Ya kamata ƙananan hukumomi da Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano, wadda aka kafa a 2003, su ɗora kan gayya: su kawo kwano da siminti, jama'a su kawo ƙarfi. Rigakafi dai ya fi magani.