Ciwon Huhun Manomi

Ciwon huhun manomi kumburi ne da ke kama ƙananan jakunkunan iska na cikin huhu, idan garkuwar jiki ta yi wa wata ƙura da ake yawan shaƙa caa. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Funfunar hatsi da ta ingirici, da kashin tsuntsaye da gashinsu, su ne kan gaba wajen haddasa shi da ire-irensa.

Likitan Italiya Bernardino Ramazzini, wanda littafinsa kan cututtukan masu sana'a ya fara fitowa a 1700, ya bayyana tari da haki da ke addabar masu tankaɗe da masu awon hatsi. Shi ne kuma ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majiyyaci sana'arsa. A 1932 Munro Campbell ya rubuta labarin wasu ma'aikatan gona a Westmorland ta Ingila, waɗanda numfashi ya gagara bayan sun yi aikin ingiricin da ya yi funfuna. Sai a 1963 Jack Pepys da abokan aikinsa suka gano mai laifin: wasu ƙwayoyin halitta masu son ɗumi, da ke hayayyafa a cikin ciyawar da aka tara da danshinta. A 1965 aka tabbatar da irinsa ga masu kiwon tattabaru a Amurka.

Duk abin da ke kawo shi akwai shi a Katabu da ƙauyukan da ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Ruwa kan kai Oktoba a yankin, don haka wata masarar ɗanya-ɗanya take shiga buhu. Bayan watanni a kwance bakin buhu, ɗumi ya bugi hannu, wata farar ƙura mai warin ruɓa ta tashi. Haka harawar da ruwa ya taɓa, haka shimfiɗar ɗakin kaji ranar kwashe taki.

Makircin ciwon jinkirinsa ne. Mutum zai gama sussuka da hantsi lafiya lau, sai bayan awa 4 zuwa 8 zazzaɓi da rawar sanyi da busasshen tari su rufe shi. Sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne. In ya daɗe, rama ta shigo, a ce tarin fuka ne, alhali gwajin kaki bai nuna komai ba. Mai aiki da ƙura da ya ji haka daga cibiyar tarin fuka irin ta Saye da ke Zariya, ya kamata ya faɗa wa likita sana'arsa ko ba a tambaye shi ba.

Ana rikita shi da ciwon ƙurar auduga na masaƙu irin na Kakuri a Kaduna, inda aka buɗe masaƙar KTL a 1957. Shi ciwon audugar hanyoyin iska yake ƙuntatawa, kuma ya fi tsananta ranar komawa aiki bayan hutu.

Babban magani shi ne nisantar ƙurar, sai busar da hatsi sosai kafin ajiya. Likita kan ƙara da maganin rage kumburi. In huhu ya riga ya yi tabo, tabon ba ya gogewa.