Yadda Fursunonin Hissene Habre Suka Kai Shi Gaban Alƙali

Shekara da shekaru, shugaban Afirka da mulki ya suɓuce masa ya san hanyar da ake bi. In ya tsira daga harsashin waɗanda suka kifar da shi, sai ya kwashi iyali da abin da hannunsa ya kai a baitulmali ya haye iyaka, wata ƙasa ta ba shi gida da masu gadi, ya tsufa cikin rufin asiri. Mobutu ya mutu a Rabat a 1997. Idi Amin ya mutu a Jidda a 2003 ba tare da wani alƙali ya taɓa yi masa tambaya ba. Mengistu Haile Mariam yana Zimbabuwe tun 1991, kotun Habasha ta yanke masa hukunci a bayan idonsa amma bai taɓa kwana a kurkuku ba. Wannan hanya Hissene Habre ya bi da dakarun Idriss Deby suka doshi Njamena a farkon Disamban 1990. Ya tsallaka Kamaru, daga can ya sauka Dakar, ya zauna a unguwar Ouakam, ya shiga jikin manyan malamai da masu faɗa a ji, aka san shi da alheri ga masallaci da maƙwabta. Amma ranar 30 ga Mayu 2016 wata kotu a cikin Dakar ɗin ta yanke masa ɗaurin rai da rai, karo na farko da kotu a wata ƙasa ta hukunta tsohon shugaban wata ƙasar saboda zaluntar mutanensa. Ana yawan jingina wannan nasara ga Tarayyar Afirka, ko a ce aikin Turawa ne. Tarihin shari'ar ya nuna cewa gwamnatoci sun fi ja da baya fiye da turawa gaba, kuma abin da ya kai Habre gaban alƙali shi ne nacin tsofaffin fursunoninsa da takardun da jami'ansa suka rubuta da hannunsu.

Habre ɗan Faya-Largeau ne a arewacin Chadi, ya yi karatu a Paris, ya dawo ya shiga tawaye. Yana cikin shugabannin ɓangarorin da Najeriya ta tara a Kano a Maris 1979 don sasanta yaƙin basasar Chadi, sulhun da ya kai ga gwamnatin haɗin gwiwa ta Goukouni Oueddei, inda Habre ya riƙe ma'aikatar tsaro. Zaman bai yi nisa ba. Ranar 7 ga Yuni 1982 ya ƙwace Njamena da bakin bindiga. Da yake abokin gabar Gaddafi ne, Amurka da Faransa suka rungume shi da makamai da kuɗi da horo, har Ronald Reagan ya karɓe shi a fadar White House a 1987, shekarar da sojojinsa suka fatattaki na Libiya a cikin motocin Toyota. A farkon 1983 ya kafa hukumar tsaron farin kaya da ake kira DDS, dokar da ta kafa ta kuwa ta ɗora ta kai tsaye a ƙarƙashin ofishin shugaban ƙasa. Wannan layi guda a cikin doka ya zame masa ƙarfen ƙafa bayan shekara talatin.

Zaluncin ya bi ƙabila bayan ƙabila: mutanen kudu a kisan da ake kira Baƙin Satumba na 1984, Hajarai a 1987, Zagawa a 1989, wato duk wanda wani ɗan uwansa ya yi tawaye sai a bi dangi. A Njamena akwai wani tafkin wanka na zamanin Faransawa da aka rufe samansa da siminti aka yanka shi ƙananan ɗakuna, aka mai da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa; a zafin bazara mutane na mutuwa a ciki don rashin iska, gawa ta kwana tare da masu rai. Akwai ɗaurin da ake kira arbatashar, inda ake haɗa hannuwa da ƙafafun mutum a ɗaure ta baya har ƙirji ya banƙare, wasu su tashi da shanyayyen hannu har abada. Clement Abaifouta, saurayin da aka kama a 1985 yana shirin tafiya karatu Jamus, ya yi shekara huɗu a tsare, aikinsa shi ne loda gawarwakin 'yan uwansa fursunoni a mota ya binne su a filin Hamral Goz da ke bayan gari. Hukumar binciken da gwamnatin Chadi ta kafa ƙarƙashin Mahamat Hassan Abakar ta ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 ne suka hallaka. Rahoton ya fito, aka jefa shi a aljihun tebur, da yawa daga jami'an DDS suka ci gaba da aiki a sabuwar gwamnati.

A nan ne labarin ya kamata ya mutu, kamar yadda ya mutu a wurare da yawa. Wanda ya hana shi mutuwa wani akanta ne na Hukumar Tafkin Chadi, Souleymane Guengueng, da aka kama a 1988. Ya yi rantsuwa a kurkuku cewa in ya fita da rai zai nemi hakki, ya kuma fito a 1990 da idanu da suka kusa makancewa. Ya kafa ƙungiyar waɗanda aka zalunta, ya bi gida gida yana rubuta bayanin mutane da hotunansu, har ya tara fayil 792 ya ɓoye, a garin da masu azabtar da shi ke yawo da kaki. Da aka kama Janar Pinochet na Chile a Landan a 1998, sai aka ga cewa tsohon shugaba ma yana kamuwa a ƙasar da ya je. Lauya Jacqueline Moudeina da 'yan rajin kare hakkin ɗan Adam na Chadi da Senegal, tare da Reed Brody na Human Rights Watch, suka shigar da ƙara a Dakar a Janairun 2000. A 2001 aka jefa wa Moudeina gurneti a Njamena, ta ji mummunan rauni, ta warke ta dawo kan shari'ar. A wannan shekarar kuma Brody da abokin aikinsa Olivier Bercault suka shiga tsohuwar hedikwatar DDS, suka tarar da dubban takardu zube a ƙasa cikin ƙura: jerin sunayen fursunoni, takardun shaidar mutuwa, rahotannin tambayoyi. Da masana suka tantance su, aka samu sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da mutum 12,321 da aka ci zarafinsu, da saƙonni 1,265 da DDS ta aika wa Habre shi kansa game da fursunoni 898. Kariyar da kowane shugaba ke fakewa da ita, cewa yara ne suka yi ban sani ba, ta faɗi tun kafin a zauna kotu.

Abin da gwamnatoci suka yi tsakanin 2000 da 2012 ja-in-ja ne kawai. Alƙali Demba Kandji ya tuhumi Habre a Fabrairun 2000. Bayan hawan Abdoulaye Wade mulki aka ɗauke alƙalin daga shari'ar, kotunan sama suka ce Senegal ba ta da hurumi. Masu ƙara suka nufi Beljiyam, wadda ta ba da sammacin kama shi a 2005. Senegal ta miƙa maganar ga Tarayyar Afirka, ita kuma a taronta na Banjul a 2006 ta ce Senegal ta yi shari'ar da sunan Afirka (mai masaukin baƙi a taron nan shugaban Gambiya na lokacin ne, Yahya Jammeh, wanda yau nasa fursunonin ke neman a yi masa irin ta Habre). Wade ya gyara doka, sannan ya ce sai an ba shi Yuro miliyan 27 kafin ya fara. Shekaru suka yi ta tafiya, shaidu suna ta mutuwa. Sai da Kotun Duniya da ke Hague ta yanke hukunci ranar 20 ga Yulin 2012 cewa Senegal ta gurfanar da shi ba da ɓata lokaci ba ko ta miƙa shi, kuma aka dace Macky Sall ya karɓi mulki a wannan shekarar, sannan aka kafa kotu ta musamman a cikin tsarin shari'ar Senegal. An kama Habre a ƙarshen Yunin 2013, aka buɗe shari'a ranar 20 ga Yulin 2015 ƙarƙashin alƙali Gberdao Gustave Kam ɗan Burkina Faso.

Habre ya ƙi amincewa da kotun. Da ƙarfi aka riƙa shigo da shi, ya zauna cikin farar babbar riga, rawani ya rufe baki da hanci, baƙin tabarau a ido, bai amsa ko tambaya ɗaya ba har aka gama. Shaidu 93 suka wuce ta gabansa. Matan da aka kai sansanin soja na Ouadi Doum a cikin hamada aka mai da su bayin sojoji suka faɗi abin da ko 'ya'yansu ba su taɓa ji ba, Khadidja Hassan Zidane kuma ta dubi idonsa ta ce shi da kansa ya yi mata fyaɗe. Kotun ɗaukaka ƙara a Afrilun 2017 ta cire wannan tuhuma ɗaya saboda ba ta cikin takardar tuhuma tun farko, ba don ta ƙaryata matar ba, ta kuma tabbatar da ɗaurin rai da rai.

Babbar sukar da magoya bayansa suka yi, wadda shi ma ya ɗaga murya ya yi ranar hukunci, ita ce shari'ar makircin 'yan mulkin mallaka ce. Akwai abin dubawa a ciki: kuɗin Turai ya shiga aikin kotun, kuma ba don matsin Beljiyam ba da wuya Senegal ta motsa. Sai dai maganar ba ta yi kyau a bakin mutumin da jiragen yaƙin Faransa suka kare gwamnatinsa a 1983 da 1986. Alƙalan 'yan Afirka ne, mai gabatar da ƙara ɗan Senegal ne, masu ƙara 'yan Chadi ne, Musulmi da Kirista, 'yan kudu da 'yan arewa. In akwai abin kunya ga manyan ƙasashe a wannan shari'a, shi ne ba a kira ko jami'i ɗaya na Washington ko Paris ya yi bayanin abin da suka sani lokacin da suke ba da makamai ba. Wannan gibi ne na gaske, amma yana nuna cewa shari'ar ta tsaya da wuri ne, bai wanke wanda aka kama ba.

Suka ta biyu ita ce batun Idriss Deby, wanda ya fi nauyi. Deby shi ne babban hafsan sojojin Habre a lokacin kisan kudu na 1984, gwamnatinsa ce kuma ta fi kowa zuba kuɗi a kotun, sannan da masu bincike suka nemi a miƙa musu wasu manyan jami'an DDS sai Njamena ta ƙi, ta yi musu shari'a a gida a 2015. Duk mai hankali zai ga cewa an shata iyakar da ba a so bincike ya tsallaka. Amma in aka ce kada a hukunta kowa sai ranar da za a iya hukunta kowa da kowa, to an ce kada a taɓa hukunta kowa ke nan, domin mai riƙe da mulki ba ya miƙa wuyansa. Tambayar da kotu za ta amsa ita ce ko wannan mutum ya aikata wannan laifi, kuma takardun DDS sun amsa ta ko da Deby yana da nasa alhakin.

Suka ta uku ita ce wadda ta fi shiga zuciyar mutanenmu: tsoho ne, mulki ya wuce, a bar wa Allah, kada a tono abin da zai hana wasu shugabanni sauka. Masu wannan ra'ayi suna da misali a hannu, don Jammeh ya amince da shan kaye a zaɓen Disamban 2016, sannan ya yi amai ya lashe bayan an fara maganar gurfanar da shi. To amma Habre bai sauka don an yi masa alkawarin kariya ba, korarsa aka yi. Deby kuma ya zauna shekara talatin a kan kujera har ya mutu a fagen daga a 2021, babu tsoron kotu a lissafinsa. Tabbacin cewa ba za a taɓa tambayarka ba shi ma yana da farashi, waɗanda ke cikin kurkukun shugaba mai ci ne ke biya. Game da yafiya kuwa, malamai sun daɗe da bambance hakkin Allah da hakkin bawa, kuma na biyun mai shi ne kaɗai ke yafe shi. Ba shugabannin ƙasashe aka ɗaure da arbatashar ba, don haka ba su da abin da za su yafe a madadin Abaifouta.

Inda shari'ar ta yi rauni shi ne wurin da ta koma hannun gwamnatoci. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396, ta ɗora wa wani asusun Tarayyar Afirka nemo kuɗin da bin dukiyar Habre. Kotun Njamena da ta ɗaure jami'an DDS ashirin a Maris 2015 ta yanke sefa biliyan 75, rabi a kan gwamnatin Chadi, ta kuma umarta a gina wurin tunawa da waɗanda aka kashe, a mai da hedikwatar DDS gidan tarihi. Habre ya mutu a Dakar ranar 24 ga Agustan 2021 da cutar korona yana da shekara 79, aka binne shi a maƙabartar Yoff, a lokacin ko sisi bai shiga hannun masu hakki ba, da dama daga cikinsu kuma sun riga shi mutuwa suna jira. Sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara rabon sefa biliyan 10, abin da ya kai wa kowa ƙasa da miliyan ɗaya, alhali kotun Dakar ta yanke wa wanda aka azabtar miliyan 15, wadda aka yi wa fyaɗe miliyan 20. Fursunoni sun sauke nasu nauyin tun 2016. Ragowar bashin yana wuyan gwamnatin Chadi da Tarayyar Afirka.