Sikanarka ba ta mutu ba, tafintanta ne ya tsufa: tarihin kwamfuta a cikin kwamfuta

Mu ɗauka kana da shagon buga takardu a Talata Mafara. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau na kawo maka aiki, ranar Talata kuma mutanen Ruwan Gizo, Bakura da Maradun da suka shigo kasuwa su biyo da takardun shaida a ɗauki hotonsu a tura. Tsohuwar kwamfutarka ta gaji, ka tara kuɗi ka sayo wata mai Windows 11. Ka jona sikanar da ta yi maka shekaru tana aiki, fitilarta ta kama, amma kwamfutar ta yi kamar ba ta taɓa ganin irinta ba. Mai gyara ya duba ya ce, "Alhaji, wannan sai dai a sayi sabuwa."

Kafin ka jefa ta bayan shago, tsaya ka ji. Galibi lafiyarta ƙalau. Abin da ya ɓace wata ƙaramar manhaja ce da ake kira direba. Kada sunan ya ruɗe ka, aikinta na tafinta ne: babbar manhajar kwamfuta, wato Windows ko Linux ko macOS, ta ce "ɗauki hoton takardar nan", direba ya mayar da maganar zuwa yaren da wannan sikana kaɗai ke ji. Shi kuwa tafintan nan a can cikin ƙuryar babbar manhaja yake zaune, don haka dole ginin su ya zo ɗaya. Direban da aka rubuta wa Windows mai bit 32 ba zai taɓa shiga mai bit 64 ba, Windows 11 kuwa da ta fito a 2021 mai bit 64 ce zalla. Ɗauki CanoScan LiDE 30 ta kamfanin Canon, siririyar sikanar farkon shekarun 2000 da ke shan wuta daga wayar USB kaɗai, abin da ya dace da garin da lantarki ke zuwa yana tafiya. Ba a fitar mata da direban Windows mai bit 64 ba. Ga ƙarfe da gilashi lafiya lau, babu mai yi musu fassara.

Dabarar da ke ceto irin waɗannan kaya ta girmi kwamfutar tebur kanta.

A 1967, shekarar da aka kasa Nijeriya jihohi 12 har Talata Mafara ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma, injiniyoyin IBM a garin Cambridge na jihar Massachusetts a Amurka suka fara aiki da wata manhaja mai suna CP-40. Matsalarsu daban ce da taka. Kwamfuta a lokacin ɗaki guda take cikawa, kuɗinta sai gwamnati ko babban kamfani, ga masu son amfani da ita da yawa. Sai Robert Creasy da Les Comeau da abokan aikinsu suka ce, maimakon a yi ta rabon lokaci ana takun saƙa, me zai hana a yaudari kowane mutum ya ɗauka shi kaɗai ke da na'urar? CP-40 ta riƙa nuna wa mutum 14 a lokaci guda kowa da kwamfutarsa, alhali ƙarfen ɗaya ne. A 1972 IBM ta fitar da dabarar kasuwa da sunan VM/370, kuma tun a lokacin kamfanoni suka gano mata wani amfani: idan an sayi sabuwar na'ura, sai a ci gaba da tafiyar da tsohuwar manhaja a wani ɓangarenta har a gama ƙaura a tsanake. Ka ga kenan matsalar shagonka tsohuwa ce.

Wannan ita ce kwamfutar kwaikwayo. Masana na kiran ta asalin mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa, kuma sunayen sun yi daidai. Mai masauki ya ware wa baƙuwa ɗaki, ya ba ta wani kaso na ƙwaƙwalwa da wurin ajiya, ita kuwa ta miƙe ƙafa tana zaton gidan nata ne.

A 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka wallafa sharuɗɗan da ƙwaƙwalwar kwamfuta za ta cika kafin wannan yaudara ta yiwu. Taƙaitawa: duk umarnin da zai iya taɓa ikon na'urar, dole mai masauki ya ji ƙararsa idan baƙuwa ta bayar, don ya tare ya aiwatar a madadinta. Sai aka yi rashin sa'a, ƙwaƙwalwar Intel da ta mamaye kwamfutocin tebur bayan fitowar IBM PC a 1981 ba ta cika sharaɗin ba. An lissafa umarni 17 a cikinta da baƙuwa za ta iya bayarwa shiru ba tare da mai masauki ya sani ba. Shi ya sa dabarar ta daɗe a manyan na'urorin bankuna, ba ta sauko teburin talaka ba. Sai a 1998 Mendel Rosenblum na Jami'ar Stanford da Diane Greene da wasu suka kafa VMware, suka ɓullo ta bayan gida: manhajarsu na karanta umarnin baƙuwa kafin ya isa, ta sauya masu hatsarin da wasu. A 1999 suka fara sayarwa. Daga baya Intel a 2005 da AMD a 2006 suka gyara ƙwaƙwalwar da kanta. Wannan gyaran ne kake gani a saitin BIOS da sunan VT-x ko SVM, wanda a wasu kwamfutoci a kashe yake zuwa, sai ka kunna.

To, ta yaya sikana ta gaske za ta shiga kwamfutar da babu ita a zahiri? Nan ne USB ya yi rana. An fitar da ƙa'idarsa ta farko a Janairun 1996, watanni kaɗan kafin a ƙirƙiri Jihar Zamfara a watan Oktoba, ka ga sa'annin juna ne. Abin da ya bambanta shi, komai a ƙunshin saƙo yake tafiya, kuma duk na'urar da aka jona sai ta fara gabatar da kanta da lambobi biyu, ta kamfani da ta samfuri. Lambar Canon 04A9 ce, ta HP kuma 03F0. Saboda haka mai masauki ba ya buƙatar jin yaren sikanar ko kaɗan. Ya ga lamba, ya san wannan ta baƙuwa ce, ya miƙa ƙunshin a rufe kamar yaron mota da aka ba wasiƙa a tashar Gusau ya kai Sakkwato. Windows XP da ke ciki, da tsohon direbanta, ita za ta buɗe ta karanta.

Microsoft da kanta ta taɓa bin wannan hanya. XP ta fito a 2001, ta kama ƙasa har ofisoshi suka ƙi rabuwa da ita, don haka a 2009 aka haɗa wa manyan nau'o'in Windows 7 abin da aka kira XP Mode: cikakkiyar XP kyauta a cikin kwamfutar kwaikwayo, har da damar miƙa mata kayan USB. Windows 8 na zuwa a 2012 aka janye. Hyper-V da ya zo cikinta ya fi ƙarfi, amma ba ya miƙa USB kai tsaye cikin sauƙi, shi ya sa masu irin buƙatarka suka fi komawa VirtualBox. Wani ƙaramin kamfanin Jamus, innotek, ya sake ta kyauta a 2007, Sun ta saye shi a 2008, Oracle kuma ta haɗiye Sun a 2010. Shekaru da dama sai ka ƙara sauke wani ƙunshi na daban kafin USB 2.0 ya yi aiki. Daga fitowa ta 7.0 a 2022 aka saka shi ciki. Idan XP ce baƙuwarka, USB 2.0 ɗin za ka zaɓa, don ba ta san na 3.0 ba.

Amma fa ba kowace tsohuwa ke tsira ba. Kayan da suka girmi USB, masu faffaɗan kai mai allura 25, sun fi wuya, domin direbobinsu sun saba taɓa ƙafar kwamfutar kai tsaye. Wayar da ake sayarwa mai mayar da wannan kai zuwa USB firinta kawai take yi wa amfani. Sikana, ko makullin manhaja da ake cusawa a bayan kwamfuta, yawanci ba sa amsawa. Nan dakunan gwaje-gwaje suka fi shan wahala, inda na'urar awo mai tsadar gaske ke rataye da kati ɗaya da ba ya shiga sabuwar kwamfuta. A ganina, ga irin wannan, gara a lallaɓa tsohuwar kwamfutar a ajiye ta gefe don aikin kaɗai. Masu Mac na zamani ma da nasu: tun 2020 Apple ta koma ƙwaƙwalwar ARM, don haka XP ba za ta zauna a matsayin baƙuwa ba sai an kwaikwayi ƙwaƙwalwar Intel ɗungurungum da manhaja irin QEMU, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2003. Tana yi, sai dai da nawa.

Sai batun tsaro, wanda a shagon da ake ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da takardun makarantar mutane ba abin wasa ba ne. Microsoft ta daina toshe ɓarakar XP ranar 8 ga Afrilu, 2014. Da cutar WannaCry ta ɓarke a Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, sai da kamfanin ya fitar wa XP da facin gaggawa duk da ya riga ya sallame ta. Don haka ka cire wa baƙuwar intanet gaba ɗaya daga saitinta. Ka buɗe jaka ɗaya tak tsakaninta da mai masauki inda hotunan za su riƙa faɗawa, kada filashin kwastoma ya shiga wurinta. Da zarar ka gama saka direba komai ya zauna, ka ɗauki hoton yanayinta, abin da VirtualBox ke kira Snapshot, ta yadda ko ta rikice gobe, minti ɗaya ya isa ka mayar da ita yadda take.

Wani lokacin ma ba sai ka nemi XP da lasisinta ba. Tun 1996 masu sa kai ke rubuta wa Linux direbobin sikana a ƙarƙashin shirin SANE, kuma LiDE 30 na cikin waɗanda suka rubuta wa. Kana iya sa ƙaramar Linux ta zama baƙuwar, ka miƙa mata sikanar, ita kuwa har yau ana toshe mata ɓaraka. Kafin ka sauke komai, jona na'urar, buɗe Device Manager, ka kwafi lambobin nan biyu da ke bayan VID da PID, ka neme su a jerin na'urorin SANE.