Ƙaramin pil mai kama da kwabo: yadda ake gane shi da canza shi

Ƙaramin pil mai faɗi, wanda wasu ke ce wa batirin agogo, shi ke tafiyar da agogon hannu, carbin lantarki, ma'aunin zafin jiki da na'urar awon sukarin jini. A karkara kamar komin Alakos, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, kuskuren lamba ɗaya yakan sa mai ciwon sukari ya kwana biyu bai yi awo ba, domin sai an sake aike zuwa Gure ko birnin Damagaram.

Ma'anar lambar

Kowane pil yana da lamba a bayansa. A CR2032, haruffan CR na nufin pil ɗin lityom ne mai da'ira, mai ƙarfin bolt 3. 20 faɗinsa ne a milimita, 32 kuma kauri ne, milimita 3,2. CR2025 da CR2016 faɗinsu ɗaya da shi, amma sun fi shi siranta, shi ya sa sukan yi lako-lako a gurbinsa. LR44 da LR41 kuwa bolt 1,5 ne, ba su maye gurbin masu CR. Kafin a yi aike, a ɗauki hoton lambar da salula ko a ba ɗan aike tsohon pil ɗin.

Dalilin wuyar buɗewa

Sau da yawa da gangan ake ƙuntata gurbin saboda yara. A Amurka, wata doka ta 2022 ta tilasta wa kamfanoni su yi murfin da yaro ba ya iya buɗewa.

Yadda ake canzawa

A kashe na'urar, a shimfiɗa farin ƙyalle don kada ƙananan ƙusoshin su ɓace cikin rairayi. A kwance su da ƙaramin turnabis. A lura da inda alamar + take fuskanta. A zaro pil ɗin da tsinken sakace ko ɓallin roba: wuƙa da allura suna haɗa fuskokinsa biyu, ko su karya ɗan ƙarfen da ke riƙe shi. A goge gurbin da busasshen ƙyalle, a kama sabon ta gefe. Idan pil ɗin liƙe yake da dalma, aikin mai gyaran rediyo ne. Zafi yana cinye pil, don haka na ajiya ya zauna cikin ledarsa a inuwa.

Hatsari ga yara

Pil da ya maƙale a maƙoshin yaro yana iya ƙona shi cikin awa 2, ko da tsoho ne. Kada a sa shi amai. A garzaya da shi likita. Idan ya wuce shekara 1 kuma yana iya haɗiya, a ba shi zuma ƙaramin cokali 2 kowane minti 10, har sau 6, ana kan hanya. Tsohon pil kuwa a naɗe shi da salatif, a ajiye inda hannun yara ba ya kai.